Aikin Gidan da Rumasa'u Ta Roƙa

Har yau ban manta da ranar da ɗaliba ta tsare ni a bakin ɗakin kwamfuta tana roƙon in ƙara musu aikin gida ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba irin roƙon da ake ji ba ne, yara dai a rage musu suke nema. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake ware darasi guda a kan yadda ake kai labari gida, alhali ba ya cikin tsarin karatu. To, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ni ce babbar malama mai kula da ɗakin kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Tudun Wadan Zariya. Wato ni ke riƙe da makulli, ni ke tsara ajin da zai shiga, ni kuma ake nema idan janareto ya yi gardama. Sama da ni akwai mataimakin shugaba mai kula da harkar karatu, Malam Shehu, wanda duk aikin da zai kauce wa tsari sai da izininsa. Zango na uku ne, damina ta kankama, ina tare da 'yan aji biyar, waɗanda saura musu shekara su rubuta jarrabawar fita.

Darasin da muke kai shi ne bin asalin labari. Ga wanda ba sana'arsa ba, abin ba wuya. Idan saƙo ya zo maka, kafin ka yarda sai ka nemi wanda ya fara faɗa da inda ya faɗa, sannan ka duba ko akwai wani amintacce da ya faɗi haka banda shi. Yaranmu da ke zuwa Islamiyya nan da nan suke kama wannan, don sun saba da bin masu ruwaya. Idan kuma hoto ne, akwai hanyar da ake ɗora shi a shafin bincike maimakon a rubuta kalma, sai shafin ya nuna maka duk wuraren da hoton ya taɓa fitowa a duniya.

Da yake an hana ɗalibai zuwa da waya makaranta, sai na ce kowace ta turo min ta wayar gida saƙo ɗaya da ya fi yawo a guruf ɗin danginsu. Ni dama mai son jin ƙwaƙwaf ce, ina so in ga abin da ake ciyar da mutane da shi a wayoyin nan. Na kuwa sha kallo. Akwai tallafin da sai ka tura wa mutum ashirin kafin ya zo, akwai ambaliyar da aka ce a Zariya aka yi alhali gidajen cikin hoton ko kama da namu ba su yi ba.

Na Rumasa'u ne ya fi jan hankalina. Yarinya ce shiru-shiru mai zama kusa da taga, daga Gyallesu take zuwa. Saƙonta hoton wani likita ne fari tas, da farar riga da abin awo a wuya, haɗe da muryar wani Bahaushe yana bayani a natse. Wai wannan babban likita na ƙasar waje ya gano cewa maganin hawan jini na asibiti shi ke kashe tsofaffi, a daina sha, a dafa ganyen mangwaro da tafarnuwa a riƙa kurɓa safe da yamma. Muryar ta yi sallama, ta yi salati, ta rufe da addu'a. Wallahi ni kaina na ji ya iya magana.

Na haska hoton a bango, na kira Rumasa'u ta ɗora shi da hannunta. Sabis ya yi ta jan ƙafa kamar yadda ya saba idan hadari ya haɗu, can sai sakamako ya zubo. Ga likitanmu a wata ƙasa yana tallan man goge baki. Ga shi a wata yana sayar da tabarau, da wani suna daban. Can ƙasa kuma ya zama likitan dabbobi, yana yabon abincin kaji. Ashe hoton haya ne, irin wanda kowa ke iya saye ya liƙa a tallansa. Aji ya ɓarke da dariya, wata ta ce, "Malama, wannan ai ya fi ɗan acaɓa yawo!"

Na bar su suka gama, sannan na ja kunnensu cewa hoton bogi bai isa ya tabbatar magana ƙarya ce ba, sai an bi maganar ita kanta. Muka duba shafukan hukumomin lafiya da na asibitocin koyarwa. Duk bakinsu ɗaya: mai hawan jini kada ya ajiye magani sai da sanin likitansa, domin cutar tana iya yin ɓarna mutum bai ji komai ba. Ina cikin bayani na lura kowa na rubutu banda Rumasa'u. Ba ta yi dariyar da aka yi ba, yanzu kuma ta ƙura wa bango ido.

Da aka gama darasin ta jira kowa ya fita.

"Malama, don Allah ki ba mu aikin gida a kan wannan. Ki ce dole da babba za a yi, kuma da wayarsa."

"Ikon Allah! Ke kuma me ya yi zafi?"

Sai ta sunkuyar da kai ta ba ni labari. Kakarta, Hajiya Inna, tana da hawan jini. Wan mahaifinta, Baffa Garba, mai shagon kayan gini, shi ne babba a gidan, shi ke kula da tsohuwar, kuma shi ya turo saƙon a guruf. Dama Hajiya Inna tana kukan maganin yana sa ta jiri, da ya ji wannan murya sai ya kwashe ƙwayoyin ya kulle a durowarsa. Tun daga lokacin ganye ake dafa mata, kuma Rumasa'u ce mai dafawa. Kwanan nan tsohuwar ta fara ɗaure kai da ɗankwali tana cewa ƙeyarta na sara.

Na ce, "To ai sai ki je ki nuna masa abin da muka gani yanzu."

Ta ɗago ta dube ni kamar na ce ta hau rufin makaranta. "Malama, in ce wa Baffa ya yi kuskure? A gaban 'ya'yansa? Babana ma ba ya musu da shi. In na faɗa za a ce boko ya sa na raina manya, kuma ko don kada a ce yarinya ta gyara shi, ba zai fito da maganin ba."

Na ce to ni in je. Ta ce hakan ya fi muni, za a ce ta kai sirrin gida makaranta. Na tsaya ina kallonta, ina mamakin yadda ta riga ta auna kowace ƙofa ta ga wadda za ta buɗu. Tsoro nake ji saboda tsohuwar, amma ba zan ɓoye muku ba, ina kuma ƙaguwa in ga ko dabarar za ta ci. Na gindaya mata sharaɗi: idan zuwa jibi ba a kai Hajiya Inna asibiti ba, ni da kaina zan zo gidan, kowa ya ce abin da zai ce. Ta amince.

Na wuce ofishin Malam Shehu. Bai so ba da farko.

"Malama, iyayen nan da ƙyar muka shawo kansu a kan maganar waya. Yanzu ki ce yara su je su taɓa wayar iyayensu?"

"Ranka ya daɗe, ba yaran za su taɓa ba. Babban ne zai riƙe wayarsa, yarinya ta karanta masa matakan."

Ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce, "In an kawo ƙara, ke za ki amsa." Na ce na ji. Kafin a tashi na koma ajin na ba da aikin, sauran yaran suna ta gunaguni, ba su san daga ina tsautsayin ya faɗo musu ba.

Washegari Rumasa'u ba ta zo makaranta ba. Ranar ban koyar da abin kirki ba, hankalina na Gyallesu. Kashegarinsa ana tsakiyar darasi maigadi ya leƙo ya ce wani Alhaji yana neman malamar kwamfuta. Malam Shehu na tsaye a baranda yana min kallon dama na faɗa miki. Na fito na tarar da dattijo mai furfura a gemu, ya jingine mashin ɗinsa a gindin darbejiya, waya a hannu.

Muka gaisa. Ya ce shi ne Garba, baffan Rumasa'u.

"Malama, aikin nan da kika ba su, ai yarinyar ba ta iya ba. Tsayawa ta yi tana karanto min takarda, ni na yi ta dannawa har abin ya fito. Kin ga mutumin nan? Har abincin kaji yake talla!"

Na ce, "Kai, Alhaji! Abincin kaji?" Na yi iya ƙoƙarina na riƙe fuskata.

Ya ce a take ya ɗauki murya ya tura guruf, ya gargaɗi dangi cewa ya bincika ya gano likitan nan na bogi ne, kowa ya goge. Jiya da sassafe kuma ya ɗauki Hajiya a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, Rumasa'u ta raka su, shi ya sa ba ta zo ba. An auna, jinin ya hau sosai, likita ya yi faɗa, ya kuma canza mata magani zuwa wanda ba zai riƙa sa ta jiri ba. Da ya zo nan sai ya ce, "Uwa ce fa, Malama. Sauƙi na nema mata." Na ji tausayinsa har raina, don gaskiya ya faɗa.

Daga nan ya buɗe waya ya nuno min wasu hotuna da ya tara, yana so in nuna masa yadda ake bin maganar ita kanta, ba hoto kaɗai ba. Muka zauna a benci na nuna masa. Mutum ne mai kaifin kai, tambayoyinsa sun fi na wasu 'yan ajina. Malam Shehu da ya zo jin ƙara, sai ga shi ya ja kujera yana leƙen wayar.

Da zai tafi na raka shi wajen mashin. Ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya dakata, ya rage murya.

"Malama, wayata cike take da hotuna. Da na ce wanne za mu gwada, ba ta ko duba sauran ba, wannan ta nuna. Kuma da abin ya fito, ni na yi salati, ita ko gezau. Hannunta a baya ta goye har muka gama." Ya yi murmushi. "Ta san amsar tun kafin ta yi min sallama. Ta dai rufa min asiri ne. Kada ki gaya mata na gane."

Ban gaya mata ba har ta gama makaranta.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu malaman kwamfuta muna koya wa yara yadda za su gano gaskiya, sai mu ɗauka aiki ya ƙare da zarar sakamako ya fito a allo. Amma yaran nan gidaje za su koma, inda wanda ya turo saƙon ƙaryar sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa ƙaunarsu, kuma shi ke da ta cewa. Tun daga shekarar, bayan darasin bincike nakan tambayi aji, "To kun gano. Wa za ku gaya wa, kuma ta yaya?" Nan ne nake jin amsoshin da ban taɓa tunaninsu ba.

Kwanaki na haɗu da Rumasa'u a kasuwar Tudun Wada, ta zama budurwa sosai, tana karatun aikin jinya. Na tambaye ta Hajiya Inna. Ta ce tana nan da ranta, tana shan maganinta. Na ce Baffa fa? Ta yi dariya ta ce, "Malama, yanzu ba mai iya tura komai a guruf ɗinmu. Kana turawa Baffa zai ce wa ya faɗa. Har ni ya kama sau ɗaya."