Alluran Asabar

Mijina tela ne, amma ba irin telan da ake kai wa sabon yadi ba. Shi gyara ne aikinsa. Wandon da ya yage a gwiwa, rigar da ƙusa ta kama, kwat ɗin da asu ya ci, maɓallin da ya cire, duk wajensa ake nufa da su. A layin da shagonsa yake Sarkin Faci suke ce masa, yana amsawa kuwa baki har kunne, sai ka ce da gaske naɗa shi aka yi. Ni Malam nake kiransa. In ya ɓata min rai kuma ya koma "bawan Allah".

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai wanki da guga da mai gyaran waya. In ka shiga akwai keken ɗinki a gefe, benci, buhun ƙyallaye, da gwangwanin maɓallai da ya girmi duk 'ya'yanmu. Keken ba ya shan wahala, don yawancin aikin Malam da hannu ne. Zai zare zare daga cikin kalmasar riga ya toshe huji da shi, mai rigar ya zo ya yi ta juyawa yana neman inda aka gyara. Kuma da kayan yake hira, ba da masu su ba. Sai ka ji ya ɗaga wando yana cewa, "Kai kuma wa ya yi maka wannan aika-aika? Yi haƙuri, zo mu gani." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce tufa ta mutu ba.

Da wannan allurar ya ciyar da mu, da ita yara suka yi karatu, ban raina ba. Abin da ya tsaya min a wuya ɗaya ne: mutumin nan bai san hutu ba. Ni ina dafa abinci a wata makarantar yara, Litinin zuwa Juma'a ina cikin hayaƙi da hayaniya, to amma Asabar da Lahadi nawa ne. Shi kuwa duk ranaku sunansu ɗaya. Zai kurɓi shayi a tsaye, ya saɓa jaka ya fice. Na auri mutum, amma ƙeyarsa na fi sani. Da yara suna gida abin bai dame ni sosai ba. Da suka watse, babbar ta yi aure, autan ya tafi wajen aikinsa, sai Asabar ta zama min ranar zama da bango. In yi wanki, in yi shara, in sake share inda na share.

Faɗa kam na yi shi har na gaji. "Malam, shagon nan ƙafa gare shi? Guduwa zai yi in ka rufe shi yini guda?"

"Ranki ya daɗe," in ji shi, don haka yake ce min in yana so ya zille, "ai Asabar ce ranar da mutane ke tunawa wandonsu ya yage."

Wata Asabar haushi ya ci ni, na zuba abinci a kwano na ce bari in bi shi can, ko ba komai na ga fuskarsa da rana. Tun daga bakin layi na hango shi tsaye a ƙofar shago, ya ɗaga allura sama saitin haske. Ya lashi zare, ya kai, ya wuce. Ya sake lasa, ya sake kaiwa, iska kawai yake soka. Na tsaya bayan motar wani ina kallo. Da mai guga ya leƙo, sai Malam ya yi wuf ya sauke hannu, ya kama sosa gemu kamar iska ya fito sha.

Na shiga na dire kwanon. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Bawan Allah, kada ka maida ni yarinya. Tun yaushe ka daina ganin kafar allura?"

Ya zauna a kan benci. Ashe abin ya jima. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, komai yake gani kamar ta bayan labule. Ya sayi tabarau a ɓoye, bai yi masa amfani ba. Ɗinkin kansa ba matsala, hannunsa ya san hanya ko a cikin duhu. Keke ma ya samo masa dabara, yana ƙulla sabon zare a jikin tsohon ya ja a hankali. Amma zura zare a allurar hannu ya gagara, wani lokaci rabin safiya ke tafiya a kan allura guda. Na ce to ya roƙi maƙwabta mana. Ya dube ni kamar na zage shi. "Tela ya roƙi mai guga ya zura masa zare? Gobe wa zai kawo min kaya?" Na ce asibiti fa? Ya ce shi ba mai kusantar idonsa da wuƙa. Sannan ya faɗi maganar da ta kashe min jiki: "In abin ya ƙi, sai in rufe shagon."

Na karɓi allurar, na zura zaren a karo ɗaya, na miƙa masa. Na ce, "Allurai nawa gare ka?"

Daga nan aka fara. Ya sayo allurai fakiti-fakiti, ya ɗinka ɗan matashi ya cusa masa ƙyallaye. Ranar Juma'a da yamma zai taho da shi gida cikin gwangwani, duk alluran da ya cinye zarensu a mako suna soke a jiki. Asabar da hantsi mu shimfiɗa tabarma a bakin taga, inda haske ya fi faɗowa. Shi zai auna zare daga yatsa zuwa gwiwar hannu ya yanke, ni in zura, shi ya soke a matashi ya naɗe zaren a jikin allurar don kada su sarƙe. Layin farko baƙi, na biyu fari, sai shuɗi, sai ruwan ƙasa, sauran launuka a gefe. In ya je shago ba ya buƙatar gani, yatsa kawai zai kai.

Da fari muna gamawa yake zabura ya tafi. To amma aikin ba ya ƙarewa da wuri, ga shayi yana hucewa, ga burodi. Wata rana ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa, sai ga minshari. Wata Asabar ɗin ya leƙa waje ya ce rana ta riga ta yi, ba wanda zai zo. A haka a haka, ba tare da kowa ya yanke shawara ba, shago ya daina buɗuwa ranar Asabar. Abin da bakina ya kasa a shekara da shekaru, kafar allura ta yi shi.

Kai, na ji daɗin Asabar ɗin nan, ba zan ɓoye ba. A bakin tagar nan na san mutumin da na aura. A nan na ji cewa yana yaro direban babbar mota ya so zama, kawunsa ne ya kama kunnensa ya zaunar da shi gaban keke. A nan na ji labarin abubuwan da yake tsinta a aljihun mutane: haƙorin roba, alewar da ta narke, makullin da mai shi ya riga ya fasa ƙofa saboda shi. Ni ma na ba shi nawa, na yaran makaranta da ke ɓoye abin da ba sa so a ƙarƙashin faranti su zo suna cewa, "Mama, na cinye." Ashe Malam yana da dariya, irin mai sa shi tari. Wani lokaci kuma ba ma cewa komai. Sai ƙarar almakashi, da rediyon maƙwabta can ƙasa-ƙasa, da kyanwar gidan da ke zuwa ta kwanta a kan ƙyallaye. Nakan dube shi yana naɗe zare, gemun nan duk ya yi fari, in ce a raina: Alhamdulillahi, ko yanzu na samu.

Babbar 'yarmu ce ta tayar da zancen asibiti. Ta zo wata Asabar ta same mu a bakin aiki, ta tsaya riƙe da ƙugu, don halina ta ɗauko kaf. "Baba, wannan wace irin rayuwa ce? Aikin idon da ake yi a sallami mutum a ranar? Mama, ke ma kin biye masa?" Ta yi ta yi, ta haɗa da kuka, ta kira autan a waya shi ma ya sa baki. Malam da ba ya iya ganin hawayen 'yarsa ya sallama.

Ina so mijina ya warke, Allah ne shaida. Ni na riƙe masa hannu har ƙofar ɗakin aiki, ni na zauna a benci ina addu'a. Amma a ƙasan addu'ar akwai wani tsoro da na kasa gaya wa kowa. In ido ya buɗe, me zai zaunar da shi? Zai zura zarensa da kansa, ya kurɓi shayi a tsaye, ni kuma in koma wa bango da tsintsiya. Na ji kunyar wannan tunani ƙwarai, amma kunyar ba ta kore shi ba.

Aka yi aiki lafiya. Da aka cire bandeji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! Ranki ya daɗe, yaushe kika tsufa haka?" Na ce, "Madubi na nan a gida, je ka gaisa da saurayin da ke ciki." Likita na dariya, ni ina dariya, hawaye na zuba.

Ya yi hutun da aka ce ya yi, ya koma shago. Juma'ar farko na kasa zaune na kasa tsaye, kunnena na kan ƙofa. Da ya shigo ban dubi fuskarsa ba, jakar na duba. Ya ajiye ta, ya cire takalmi, ya wanke hannu, duk a hankali kamar da gayya. Can sai ya zaro gwangwanin ya ɗora a kan taga.

"Likita ya ce kada in takura wa idon tukuna," ya ce, yana kallon wani wajen.

Na ce, "Gaskiyarsa." Na shige kicin don kada ya ga yadda fuskata ta washe.

Haka muka ci gaba, Asabar bayan Asabar. Amma hankalina bai kwanta ba, don "tukuna" ai tana da ranar ƙarewa. Duk Juma'a sai gabana ya faɗi. Ina lura da shi kuma: yana karanta rubutun jikin kwalbar magani, yana hango lambar mota daga nesa, har ya nuna min tabon mai a mayafina da ni ban gani ba. Na ce a raina, saura kaɗan.

Asabar ɗin da ta wuce muna tsakiyar layin baƙi shayi ya ƙare, na tashi in ɗora wani. Da na juyo da butar shayi, kafin in ɗaga labule, sai na hango shi ta gefe. Ya ɗauki allura, mafi ƙanƙanta a cikinsu, wadda ni kaina sai na runtse ido ɗaya nake samunta. Bai lashi zaren ba, bai ɗaga ta saitin haske ba. Tsaf, karo ɗaya, zare ya wuce. Ya riƙe ta yana kallo, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya gamu da tsohon aboki. Sannan ya saurara ko ina tafe. Ya kama bakin zaren ya zare shi a hankali, ya mayar da allurar cikin waɗanda ke jirana, ya naɗe hannuwansa.

Ni da magana ba ta kwana a cikina, ni da ko gishiri aka motsa a kicin sai na tanka, na tsaya bayan labule butar na ƙona min yatsa. Shekara da shekaru ina roƙon mutumin nan yini guda. Ga shi yau ya ba ni da kansa, har yana ƙarya don kada a karɓe. Na goge ido da bakin mayafi, na yi gyaran murya, na shiga.

Na zuba masa shayi na zauna. Ya turo min allurar nan da ɗan yatsa.

"Wannan ƙaramar ta fi ƙarfina," ya ce. "Idon har yanzu da saura."

"Na lura," na ce. "Irin wannan ciwon ba ya son gaggawa, Malam. Yana iya ɗaukar shekaru."

"Haka nake ji a jikina," ya ce.

Na lashi zaren, na kai, na wuce da gangan. Na sake kaiwa, na sake wucewa. Wannan karon ba wasa nake ba, ruwa ne ya cika min ido har kafar ta ɓace. Malam bai karɓa ba. Ya gyara zama, ya jingina da bango, ya ɗauki kofinsa.

"Bi a hankali, ranki ya daɗe," ya ce. "Ba inda za ni."