Na Yaye Shi Kafin Jarrabawa

Wautata ba ɓoyayyiya ba ce, ko akuyar maƙwabta ta san da ita. Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe a ciki ba, ɗan zaman da na yi ma a bakin taga na yi shi, ina kallon jakai suna wucewa. Amma da furfura ta cika mini kai sai ga shi ana kirana malami. Wata cibiyar koyon sana'a ce ta nemi tsofaffin masu gyaran moto, wato babur, na unguwar Zango, mu riƙa nuna wa ɗalibai aikin hannu da yamma, malaman aji kuma su koya musu lissafi da faransanci da safe. Na je, har da sabuwar hula.

Cikin ɗaliban akwai ɗan ƙanena daga garin Dogo. Ubansa ya rasu, aka raba gona, rabonsa bai isa ya ci da gida ba. Uwarsa ta kawo mini shi don ya samu diplom, ko Allah zai sa a ɗauke shi aikin albashi.

Hannu kam Allah ya ba shi. Moto zai tsaya a ƙofa, ya kasa kunne ya ce buji ne, wato filogi, ka buɗe ka tarar buji ne. Da safe kuwa, gaban allo, sai ya zama kamar wanda aka ɗaure. Akwai abokin zamansa, wani ɗan Birni, wanda in ya ɗaure noti ɗaya sai biyu sun kwance. Nakan ce masa, "Kai, da hannu ka yi wannan ko da ƙafa?" Sai ya ce, "A yi haƙuri Baba, gobe da haƙori zan gwada." Amma bai taɓa fashin aji ba.

A garejinmu, in hannun mai koyo ya nuna, ba a riƙe shi. Maigida ya sayi goro da dabino, ya tara maƙwabta, a yi fatiha, a miƙa masa kayan aiki, a ce an yaye shi. Riƙe gwani zalunci ne a wurinmu. Haka aka yi mini. To, ranar da ɗan nawa ya kwance injin wani ɗan kabu-kabu kaf, ya mayar, ya tashi da bugu ɗaya, sai murna ta ɗebe ni. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tara mutane a ƙofar gareji na yi masa duk wannan. Ban shawarci kowa ba. A raina albarka kawai na sa masa, jarrabawa kuwa in ta zo ya yi ta.

Shi ba haka ya ji ba. Ya koma Dogo ya kafa rumfa a bakin hanya. Malamin lissafinsu ya zo ya same ni.

"Tsoho, wa ya ce ka sallami ɗalibinmu?"

Na ce, "Wanda ya iya, zaman me zai yi?"

Ya juya ya tafi. Na aika Dogo, aka ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan girbi. Aka yi jarrabawa babu shi.

Daga baya wata ƙungiya ta kawo wa masu lambu na can Dogo injinan ban-ruwa, tana neman mai kula da su. Diplom aka tambaya. Ɗan Birnin nan ya samu, kuma gaskiya yanzu notinsa yana zama, ya koya a hankali. Ɗana yana nan a rumfa, ran da moto bai lalace a hanyar ba, ran nan sai haƙuri.

Bara na je na same shi yana wanke hannu da fetur. Na ce cibiyar tana karɓar manya, ya koma ya ƙarasa, ni zan yi masa magana. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba.

"Baba, gaban mutane ka yi mini fatiha. In koma in zauna a benci, in ce musu ƙarya ka yi?"