Likitar Mai Usur

Ɗan kawuna malamin wasanni ne a wata firamare da ke bayan tashar mota. Kowa Mai Usur yake ce masa, don tun da aka rataya masa usur a wuya bai sake cirewa ba. Na rantse da shi yake wanka. Muna yara shi ne ragon gidanmu, ko kaza ta biyo shi sai ya hau katanga, amma yau wai shi ke koya wa 'ya'yan mutane jarumta.

Wasan da ya fi ƙauna shi ne na jifa da ƙwallo. Ya ja layi da toka a tsakiyar fili, ya raba yara gida biyu, kowa ya jefi na ƙetare. Wanda ƙwallo ta taɓa ya fita. Shekara da shekaru abu ɗaya yake cusa musu: “Kauce! Kar ka yi tunani, kauce!” Yaran makarantar nan ko ganye ne ya faɗo sai sun goce.

Yana da 'ya guda, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu, da takalmin ƙarfe take tafiya. Da ta isa shiga wasan, kullum ita ake fara fitarwa. Sai ta ja ƙafa ta zauna gindin bango tana kallon sauran har a tashi. Wata rana a gabana ta ce, “Baba, ni fa ban taɓa sanin yadda ƙarshen wasan yake daga ciki ba.”

Daga ranar mutumin nan ya zama mai ƙera dokoki. Ya fito da wasan Kurkuku, wanda aka jefa ya koma bayan abokan gaba ya jira a 'yanto shi. Uwata ta zama fursunar rai da rai. Ya fito da na Zaune, kowa ya yi jifa daga ƙasa. Wanduna suka yayyage, iyaye mata suka cika ofishin hedimasta.

Na ce masa, “Kai bawana, ka bar kan nan naka ya huta, ka ga har gashi ya fara gudu ya bar ka da sanƙo.”

Ya ce, “Ke dai ci gaba da surutu. Na samo wanda zai yi.”

Shi ne wasan Likita. Wanda aka jefa ba ya fita, zama yake a inda yake. Kowane gida yana da likita, in ya dafa kanka ka tashi ka ci gaba. Ya ɗaura wa Uwata farin ƙyalle a hannu. Ya so ya hana a jefi likita, ita ta ƙi. Ta ce, “In ba a jifata ai ba na cikin wasan.” Ya yarda, ya ce 'yan gidanta su zama katangarta.

Makon farko yarinyar nan sarauta ta yi. Ko'ina kira ake, “Likita, nan! Likita, ni!” Tana ɗingishi tana dariya tana tayar da matattu. Ubanta kuwa bakinsa har kunne, usur ɗin ma ya kasa hurawa.

Amma yara ba wawaye ba ne. Suka lura in likita ya faɗi, ba mai sake tashi, gidan ya mutu ke nan. Ranar da abin ya faru ina wurin, na kai masa saƙon gwaggonsa. Ya zuba ƙwallaye da yawa a fili don wasa ya yi zafi. Na ga 'yan ƙetare sun tattara su duka, sun daina jifa, suna raɗa. Wani dogo ya ce, “A fara da likita!”

Suka sako su lokaci guda. Katangar tata kuwa ta yi abin da aka koya mata. Ta kauce. Ba mugunta ba ce, jikinsu ne ya amsa kafin hankalinsu.

Uwata ta juya za ta kare fuska, ƙarfen ya maƙale a ƙasa, ta faɗi a kan ƙafarta mai lafiya. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Mai Usur ya sheƙa da gudu, usur na bakinsa yana ta kuka shi kaɗai.

Ƙashin ya karye kusa da gwiwa. An ɗora, amma bai koma daidai ba, kuma ɗayar ba ta iya ɗaukar nauyi. Yanzu a keken guragu yake tura ta makaranta. In lokacin wasanni ya yi, aji take zama. Ya ce zai ƙera mata wata doka, ta ce, “Baba, bar shi haka. Na ga ƙarshen.”

Bai bar aikin ba, da shi suke ci. Ya hana wasan Likita a filinsa, amma wasan ya riga ya tsallake katanga. Duk lungun unguwa yara na yin sa da ƙwallon tsumma. Jiya na je gaishe su, ina shirin tsokanarsa kan sanƙon, sai muka ji daga waje, “A fara da likita!” Ya tashi ya rufe taga. Uwata ta ce ya buɗe, zafi take ji. Ya buɗe. Ni ma na haɗiye tsokanata.