Barista, Yau Kwana Shida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar duba marasa lafiya, maigidanki ya kira ni ya ce Allah Ya yi miki rasuwa bayan jinyar wata huɗu. Na ajiye wayar na ci gaba da auna jinin tsohuwar da ke gabana. Sai da ta tambaye ni ko lafiya sannan na san hawaye nake yi.

Shekara goma sha tara kika yi kina lauyar kamfanin haɗa magunguna. Ni kuwa ɗaya ne daga cikin likitocin da kamfanin ke kawo wa sabon magani mu gwada shi a kan marasa lafiyar da suka amince, kafin hukuma ta ba da izinin sayar da shi. A bayan idonki Karanta-mu-ji muke kiranki, kuma na san labarin ya kai kunnenki.

Ranar da muka fara haɗuwa ban ji daɗinki ba, gaskiya. Kika shigo ɗan ofishina, fanka na ƙara, firjin magani na gurnani a lungu, kika ajiye mini yarjejeniya mai shafi arba'in da biyu. Na miƙa hannu zan ɗauki biro, ashe kin riga kin jefa shi a jakarki. Kika ce, "Likita, karanta mu ji." Na ce mutane na jira a kan benci. Kika ce ai ba gudu za su yi ba. Haka na zauna ina karatu da ƙarfi kamar ɗan aji uku, raina a ɓace.

A shafi na talatin da ɗaya kika ɗaga hannu. Nan ne kamfani ya yi alkawarin cewa idan maganin ya cutar da wani, shi zai ɗauki nauyin jinyarsa da diyyarsa, ya kuma tsaya wa likita a kotu. Amma da sharaɗi: sai likitan ya sanar da ofishin lauya a rubuce cikin kwana bakwai. Sau biyu kika sa na maimaita wurin. Kika ce, "A rubuce, Likita, kuma ofishina. Waya ba rubutu ba ce." Sannan kika fito mini da birona.

Bayan shekara uku aka kawo mini wani kafinta mai 'ya'ya huɗu, ɗaya daga cikin waɗanda muke yi wa sabuwar allurar ciwon gaɓoɓi. Idanunsa sun yi ɗorawa, hantarsa na neman tsayawa. Ranar na buga wa likitocin kamfani waya, na cike musu takardarsu ta illar magani, na ɗauka na sauke nauyi. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba, ina tsakanin gadonsa da ɗakin gwajin jini. Shafi na talatin da ɗaya ya fice mini daga kai fit. Yayansa kuwa har ya ɗauki lauya, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Alhamis da la'asar wayata ta yi ƙara. Ko gaisuwa ba ki tsaya mun gama ba.

"Likita, yau kwana nawa?"

Na shiga ƙirgawa da yatsu.

"Shida ne. Babu takardarka a teburina, kuma gobe ƙarfe huɗu muke rufe ofis."

Da hannu na rubuta ta, washegari na kai miki da ƙafata. Kika buga mata hatimi, kika rubuta lokaci, kika ba ni kwafi. Sai a sannan kika cire tabarau kika tambaye ni ya jikin kafintan, da ko akwai mai kula da yaransa.

Sai daga baya na gane abin da kika yi. Da kin yi shiru na kwana ɗaya tak, da kamfanin da ke biyanki albashi ya zare hannunsa, kuma doka na bayansa. Da ƙarar ta faɗo kaina ni kaɗai, ta tafi da asibitin da ni da mai ɗakina muka gina ɗaki bayan ɗaki, ta tafi da sunana. Kafintan ma da bai sami jinyar da ta cece shi ba, don ko an sayar da ni ba zan iya ɗaukar nauyinta ba.

Manyan kamfanin sun san da haka. Sakatariyarki ce ta ba ni labarin cewa a wurin taro wani ya tambaye ki ko ke lauyar wa ce. Kika ce, "Taku ce, ranka ya daɗe. Ranar da likitoci suka ji mun fake da mantuwar ɗayansu mun gudu, babu wanda zai sake buɗe mana firjinsa." Sau biyu ƙarin girma ya tsallake ki bayan wannan taro. Ba ki taɓa faɗa mini ba.

Ba cewa nake kina da sanyin hali a wurin aiki ba. Likitan da ya ƙara awon magani da ra'ayin kansa, ke kika tsaya kai da fata cewa kamfani ba zai ɗauki laifinsa ba. Ni ma kwana biyu kika tsare ni kina yi mini tambayoyi kafin in ba da shaida, har kika ce rubutun hannuna kaɗai ya isa a ɗaure mutum. Ko a gadon asibiti ba ki sauya ba. Likitan da ya yi miki tiyata ya ce mini sai da ya karanta miki takardar amincewa daga farko har ƙarshe, yana tsaye, kina riƙe da bironsa.

Kafintan yana nan da ransa. Ba ya iya ɗaga katako mai nauyi, amma yana yin ƙananan kujeru, ya kuma aurar da babbar 'yarsa bara. Asibitina yana nan, har mun ƙara ɗaki biyu.

Na sha gode miki ta waya. Kullum sai ki yi dariya ki ce, "Likita, waya ba rubutu ba ce." In ce zan rubuta. Shekara tara ina cewa zan rubuta, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai tun ranar Talata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki mata biyu, da mahaifiyarki wadda Allah Ya ƙaddara ta ga wannan rana, da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙuri da dangana, Ya albarkaci bayanki. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki. Yadda kika tuna da ni ranar da na manta, Allah Ya kyautata miki ranar da kowa ke ta kansa, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Yau Litinin, Barista, kwana shida ke nan. Babu wanda ya kira ni ya tuna mini, da kaina na ƙirga. Ga ta a rubuce: na gode.