Garkar Bayan Masai

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen yaran da na koyar wasu sun ɓace mini, amma ranar da na tsaya a bayan masai manyan gari suna tafa mini tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta gushe har in koma ga Allah.

A lokacin ina darektan wata makarantar boko a Agadez. Shekarar fari na biyu ce, soja ke mulki. Makiyaya sun cika gefen gari da 'yan awakin da suka rage musu, famfo kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ana cikin wannan hali aka kawo mana sabon kumandan, wanda ya taɓa yin wata shida a Turai ya dawo da wata irin lalurar kunne: wai shi ba ya jin kukan tsuntsu a garin nan. Ya tara mu daraktoci ya ce kowa ya yi garka a makarantarsa, mai jawo tsuntsaye da sauran ƙananan halittu, bayan wata uku zai zagayo da kansa. Wanda garkarsa ta kasa, akwai makaranta a Bilma da ke neman darekta. Jama'a na neman abin sawa a baka, mu an sa mu zawarcin tsuntsu. Har tafi muka yi masa.

Ni dai kalmar Bilma ce ta tsaya mini a wuya. Tafiyar kwanaki ce a cikin rairayi, ga mahaifiyata tsohuwa tana wurina, ko masallacin unguwa ba ta iya kaiwa sai an riƙe ta. Na san in aka tura ni can, rabuwa da ita ya zama dole. Saboda haka na ɗaura ɗamarar yin garkar da ba a taɓa gani ba a arewa.

Da yake ni mai ilimi ne, ban tambayi kowa ba. Na ɗauko wani littafin Faransanci mai hotuna na zaɓi abin da ya fi kyau a ido, na aika Yamai aka sayo mini furen da ake ce wa rozi, da irin ciyawar nan ta Turawa, gazo. Kamyo, babbar motar kaya, ya yi kwana uku a hanya da su, suka iso rabi a sume. Na sa aka dasa su a bakin ƙofa inda ido zai fara sauka, aka kewaye da duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Na kafa doka kowane ɗalibi ya zo da bidon ruwa, wato jarka, daga gidansu kullum safe. Iyaye mata suka riƙa aiko mini da gaisuwa iri-iri, wadda ba zan iya maimaitawa a rubuce ba.

Muna da mai gadi a makarantar, wani dattijo daga wajen Ingall wanda fari na farko ya cinye garkensa kaf, ya shigo gari ya kama gadi. Sa'an mahaifina ne, amma ban taɓa ce masa Baba ba, gardiye nake kiransa. Tun zuwansa yake da wata ɗabi'a da nake ɗauka taɓin hankali ne. Yakan je zangon makiyaya ya tsinto kashin awaki a buhu, ya zo bayan masai ya tona ramuka ya binne kafin damina. Wai ƙwallon da ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsira, domin cikinta ya riga ya tausasa ɓawon. Ruwan da yake ba su bai wuce na alwalarsa ba, kowace salla da gindin da yake tsugunawa. A haka shekara kusan goma wurin ya zama wani ɗan kurmi: kandili, magarya, aduwa, jiga, da anza nan da can. Ni ban taɓa leƙawa ba sai dai in hango ƙaya daga nesa in yi tsaki.

Wata rana ya same ni ina tsaye kan rozina da suka fara sunkuyar da kai. Ya yi sallama ya ce in zan ji shawara, in fita bayan gari in duba itacen da har yanzu yake da ganye ba mai ba shi ruwa, in kuma duba wanda tsuntsu ke sauka a kai, shi zan shuka. Ya ce tsuntsu ba launi yake nema ba, abinci yake nema da ƙayar da za ta tsare masa ƙwai. Na dube shi sama da ƙasa na ce aikinsa ƙofa ne, ya koma ya tsare ta. Na ƙara da cewa kafin ranar zuwan kumandan ya sare wannan dajin nasa, kada ya ba ni kunya gaban manya. Ya ce to. Bai sare ba, ni kuma hidima ta sa na manta.

Gazo ya riga kowa tafiya, sati uku ya zama kamar tsohuwar tabarma. Rozi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsun da ya ziyarce mu a duk wata ukun nan hankaka ne, shi ma ruwan ya zo sha. Da na ga saura kwana biyu, sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in tsoro ya gama cinye masa hankali. Na je kasuwa na sayi 'yan tsuntsaye keji uku wurin masu kama su, na shirya da wani mushe cikin malamaina, haka muke kiran malamin boko, ya ɓuya da su bayan aji. Da zarar kumandan ya sako ƙafa, ya buɗe. A lissafina za su tashi su sauka kan sauran rozin su yi ta waƙa, kamar na biya su albashi.

Ranar ta zo. Kumandan ya shigo da jama'arsa, ɗalibai na rera waƙa, ni ina gaba cikin kwat ana wannan zafi. Mushe ya buɗe keji. Tsuntsaye suka tashi fir, suka bi ta saman kaina da rozina ko kallo ba mu ishe su ba, suka miƙe sak bayan masai. Kumandan ya bi su da ido, sannan ya bi su da ƙafa. Inda kumandan ya nufa kuwa nan kowa ya nufa, sai ga mu duka, da masu rawani da masu galo a kafaɗa, mun yi cirko-cirko a inda ko ɗalibai ba sa daɗewa.

Ranar na fara ganin wurin da idona. Kandili ya yi fure, ƙudan zuma sai ɗumi suke a kai. Sheƙar kabare na reto a rassan aduwa, kurciyoyi na kiwo a ƙasa, gwara sun cika magarya da surutu. Har wata hawainiya na gani tana tafiyarta ta ƙasaita a kan jiga. Duk garin ya bushe, nan kaɗai ke da inuwa mai rai. Wari kam akwai shi, amma da kumandan bai toshe hanci ba, ba wanda ya isa ya toshe nasa.

Ya juyo ya ce, “Wa ya yi wannan aiki?”

Dattijon na tsaye can gefe riƙe da butarsa. Na gan shi, ya gan ni. Na buɗe baki na ce, “Ni ne, mon commandant.”

Ya tambaye ni ruwa nawa suke sha, na ce ai kusan babu, dabara ce kawai ta zaɓen itacen ƙasa. Har na ara daga maganar da na kori mai ita, na yi masa bayanin abinci da ƙaya tiryan-tiryan. Aka tafa mini. Kumandan ya kama hannuna ya girgiza ya ce, “Très bien. Mutumin da ya iya tsirar da itace ba ruwa, ɓarna ce a bar shi a Agadez. Kai muke nema a Bilma.” Aka sake tafawa, wannan karon har da sauran daraktoci, kuma na lura tafinsu ya fi na kowa ƙarfi.

Takarda ta fito cikin sati. Kafin in tashi na cire girman kai na je na sami dattijon, karo na farko na ce masa Baba. Na roƙe shi ya koya mini yadda ake yi, domin can za a sa mini ido, ni kuwa ko jiga da anza ban iya bambantawa ba. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ba dariya, sannan ya ce, “Mushe, kai da ka shuka su kake tambayata?” Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Sai da ya bari na ji a jikina, sannan ya zaunar da ni ya koya mini komai, bai rage ba.

Na kai mahaifiyata Damagaram wurin ƙanwata, na hau kamyo. Shekara shida na yi a Bilma, kuma sau biyu kawai na sake ganinta kafin ta rasu. Wannan har yau yana ci mini rai, domin ba kumandan ya raba ni da ita ba, bakina ne.

Yanzu na tsufa, tsakar gidana ba abin da ke ciki sai itatuwan da ƙasar nan ta sani, ba na wahalar ban ruwa, tsuntsaye kuma ba sai na saye su a keji ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in za ka shuka, ka tambayi wanda ya daɗe a ƙasar ko da buta kawai ya mallaka. In kuma aka tambayi wanda ya yi aiki, ka nuna shi da yatsa ka koma gefe, domin yabon da ba naka ba yana zuwa da aikin da ba ka iya ba.