Garafunin Mis Isilda

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can kan tsaunukan Portland, ya san ɗacin hannun Mis Isilda. Ƙarshen watan Agusta, idan hutu ya ƙare ciki ya cika da mangwaro da rake, sai iyaye su tasa 'ya'yansu gaba zuwa gidanta a yi musu wankin ciki kafin a koma makaranta. Garafuni take tsinkowa a jikin shingenta, ta haɗa da filasko da citta, ta dafa a wata baƙar tukunya. Ni ma na sha, na kuma tsine mata a zuci, Ubangiji ya yafe mini. Kwana biyu ba ka nisa da masai, a na uku ka ji jikinka sakayau.

"Toshe hanci ka haɗiye," haka take cewa. "Ɗaci ba ya kisa, zaƙi ke kisa."

Ba ta karɓar ko sisi. Mai doya ya kawo doya, mai ayaba ya kawo ayaba. Mijinta ya tafi Ingila tun tana da ƙuruciya, ya yi ɓatan dabo, ya bar ta da ɗa guda, Linval. Shi ne idonta, shi ne bakin maganarta.

Ni Merlin, maƙwabciyarta, shekara ashirin da biyu ina shara da kiran suna a ƙaramin asibitin gundumarmu. Don haka na san abin da ke katin Linval: ciwon suga. Yana da shekara talatin da takwas, ga mata ga 'ya'ya uku, kullum cikin ƙishirwa, wando na zame masa. Ana haka sai ya samu gurbin aikin gona a Kanada, tsinkar tuffa, abin da ya yi shekara shida yana nema. Saura gwajin jini a Kingston, babban birninmu. Kowa a nan ya san dabarar: safiya tara kana shan garafuni, ka ƙaurace wa doya da zaƙi, sai jini ya fito fes a takarda.

Na same ta tana hura wuta, na ce, "Mis Isi, wannan fa ba wanki ba ne, rufa-rufa ce. Ciwon yana nan daram."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Ke Merlin, daga riƙe tsintsiyar asibiti har kin zama likita? Ni na wanke miki ciki kina jan majina."

"To, shi kenan. Ɗanki ne."

Na juya fuu na tafi. Zuciya ce da ni, kuma ita ta cuce ni. Da na zauna na haɗiye zagin, wataƙila da na shawo kanta. Har yau abin yana ci na.

Linval ya ci gwaji. Aka yanka akuya, aka dafa da kori, fasto ya sa albarka. Ƙwayoyin sugan da asibiti ke ba shi kuwa a kan taga ya bar su, don in mai gona ya gan su zai juyo da shi gida a jirgi na gaba. Uwarsa ta cika masa aljihun jaka da busasshen ganye.

Bayan wata biyu ya bugo waya. Ganye ya ƙare, takalmin aiki ya ji masa ciwo a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. Mis Isilda ta tsinko garafuni cike da kwando. Amma Oktoba ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ganye ya ƙi bushewa. Ta rataye shi saman murhu, tana juyawa tana addu'a, sai da ya ɗauki kwana goma sha ɗaya kafin ta kai shi gidan waya.

A tsakanin itatuwan tuffa Linval ya yanke jiki ya faɗi. Gawarsa ta iso a Disamba, tare da jakarsa da ƙunshin uwarsa, ko buɗe shi ba a yi ba. Mutane suka yi ta cewa sanyin ƙasar ne ya kashe shi. Ni ban musa musu ba, Mis Isilda ma haka.

Agusta ya zagayo, ba a ga hayaƙi a bayan gidanta ba. Wata safiya na shiga na tarar da ita zaune a baranda, ƙunshin a kan cinyarta. Ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa.

"Merlin 'yata," ta ce, "ke kin yi aikin asibiti. Da ganyen nan ya isa da wuri, da ya rayu, ko?"

In na ce e, laifin na ruwan sama ne. In na ce a'a, na kashe mata aikin hannunta na shekara hamsin, na kuma ɗora mata ɗanta a kai.

"Da ya rayu, Mis Isi. Ruwan nan ne ya ja."

Ta daɗe tana kallona. "Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba."

Hawaye suka zubo mini. Ita kuwa idonta a bushe, tana shafa igiyar ƙunshin da yatsa.

"Jikan dattijon nan Maas Hubert ya samu gurbin Kanada," ta ce a hankali. "Shi ma yana yawan shan ruwa, na lura. Gobe uwarsa za ta zo neman garafunin safiya tara. Ki tare ta a hanya, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini bara. In ta zage ki, kada ki tafi."