Harbin Likita a Gonar Aƙiƙ

Ban taɓa riƙe bindiga ba sai da furfura ta fara fito mini, kuma a Madina. Duk wanda na gaya wa haka sai ya zaro ido, don haka bari in yi saurin cewa ƙaramar bindigar iska ce, ta hannu ɗaya, irin wadda ake harbin takarda da ita, mai cin 'yar ƙwayar darma wadda ba ta kai ƙwayar masara ba. Ko tsuntsu ba mu taɓa aunawa ba. Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, kuma mai bindigar ba ya wasa da wannan.

A lokacin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, ina zaune da iyalina a unguwar Ƙurban. Mai bindigar wani dattijo ne, injiniya da ya yi ritaya, haifaffen Madina, amma kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo Hajji suka zauna. Ammi muke ce masa, wato baffa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, kuma rabinta Larabci. Yana da 'yar gonar dabino a gefen kwarin Aƙiƙ, can muke zuwa duk Alhamis bayan La'asar, mu sha shayi da na'ana'a, mu liƙa takarda a jikin wani katako da ya jingina da katangar dutse, mu yi ta harbi har a kira Magariba.

Mu biyu muke zuwa a motata, ni da Likita. Likitan tiyata ne a asibitinmu, ya girme ni sosai, mutum mai natsuwa wanda ko dariya sai ya auna ta. Shi Bakano, ni Bazazzagi, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Ni na ja shi zuwa gonar, don na ga aiki yana neman shanye shi.

Wallahi bindigar nan ta shiga raina fiye da yadda ya kamaci mai 'ya'ya a makaranta. Ranar da na fara samun baƙin ɗigon da ke tsakiyar takardar, ihun da na yi sai da tattabarun maƙwabta suka tashi. A gida kuwa na koma ɗaukar dutsen guga, in miƙe hannu da shi ina auna makunnin fitila, wai ina ƙarfafa kafaɗa. Matata ta ce tunda na ɗauka, in taimaka in goge kayan yara. Duk da haka harbina bai san gida ɗaya ba. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya a katako, kamar an watsa wa kaji tsaba. Ban damu ba ko kaɗan. In ɗaya ta faɗa baƙi, na sami labarin mako.

Harbin Likita daban ne. Nasa kullum ƙasa da baƙin yake sauka, ta ɓangaren hagu. Kullum can. Ni kuwa na sami abin tsokana, ina ce masa ko akwai wanda ya ci masa bashi a kusurwar nan ne. Yana murmushi, ya ce ku Zagezagi ba ku gaji da surutu. Ban lura ba cewa murmushin yana raguwa mako bayan mako.

Wata Alhamis muna hanyar gonar, sai ya ce mini a hankali, yana kallon titi, “Malam, ina jin bana ba zan sabunta kwantiragina ba. Zan ajiye wuƙa.”

Saura kaɗan in hau bayan motar gabana.

Ya ce mahaifinsa a daidai shekarunsa hannu ya fara yi masa rawa, har ya kai ba ya iya kai cokali baki. Ya ce kwanakin baya shayi ya zube masa a riga, tun ranar bai sake samun barci mai daɗi ba. Ya fara tura manyan ayyuka wurin abokan aikinsa da sunan gajiya. Bai je an duba shi ba, don a asibitinmu in ka shiga ɗakin likitan jijiya da safe, kafin Azahar har masu gadi sun sani. Ashe takardar gonar nan ita ya mayar abin gwajinsa. “Ina auna tsakiya,” in ji shi, “hannuna yana kai ni wani wuri. Wanda hannunsa ba ya zuwa inda ya aike shi ba shi da hurumin buɗe cikin ɗan mutane.” Shugaban sashensu yana jiran amsarsa a cikin makon nan.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don na san Likita in ya furta magana ya gama ta. Amma a daidai wannan lokaci wata dabara ta faɗo mini, har na ji ina son in taka mota. Laifin saiti ne! Me ya sa ban yi tunanin haka tuntuni ba?

Saitin bindigar abu biyu ne. Akwai wani ɗan tsini a kan hancinta, akwai wata 'yar tsaga a baya, kusa da idon mai harbi. Kana sa tsinin a tsakiyar tsagar, kansu ya yi daidai, sannan ka ɗora a kan abin da kake so. Tsagar tana da ƙananan sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Na taɓa jin Ammi yana cewa inda kake son darma ta koma, can kake tura tsagar. Muna isa, Ammi ya shiga ɗaki haɗa shayi, na zaro ɗan sukundireba daga akwatin bindigar na murɗa tsagar sama, na murɗa ta dama. Na miƙa wa Likita. Ya harba, ya sake harbawa. Sai ga su a gefen baƙin!

“Ka gani! Ka gani!” Ina tsalle ina buga cinya, babban mutum da ni.

Ammi ya fito da tire, ya ga murnata, ya ajiye, ya karɓi bindigar don ya taya mu. Mutumin da ba ya kuskure, sai ga harbinsa can sama ta dama, kusan bakin takarda. Ya dubi tsagar, ya dube ni.

“Esh hada? Mene ne wannan? Wa ya taɓa mini saiti?”

Na ce ni ne, kuma na gyara wa Likita harbi.

“Ba ka gyara ba, ya waladi, ka ɓoye ne. Ba a murɗa sukuru sai an tambayi bindiga tukuna, ita kaɗai, bidun hannun mutum, ba hannun kowa a ciki.”

Ya mayar da tsagar inda take. Ya sa muka jawo teburi, ya ɗora matashi mai tauri a kai, ya zauna ya kwantar da bindigar a kan matashin yadda ba za ta motsa ba. Ya harba 'yan ƙwayoyi a natse. Ya buɗe bindigar ya ajiye, don dokarsa ce ba mai zuwa wurin takarda sai ta kwanta a buɗe. Muka je muka duba. Duk suna cikin baƙi.

“Mazbut,” in ji Ammi. “Bindiga lafiyarta ƙalau.”

Na juya na kalli Likita. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai ya sa hannun dama a aljihu. Ya ce, “To, Malam, ka ji. Ni ne.” Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ni da na zo ceto, ni na kawo masa shaida.

Ammi bai san abin da ke tsakaninmu ba, amma dattijo ne, ya ga yadda wuri ya yi tsit. Ya ce Likita ya sake harbi a sabuwar takarda, a tsaye, yadda ya saba. Likita ya yi don kunyarsa kawai. Ƙwayoyin suka tafi gidansu na kullum, ƙasa ta hagu. Ammi ya cire takardar, ya ɗauko tawa ta makon jiya, ya shimfiɗa su a kan teburi. Ya ɗauki murfin kwalbar ruwa ya kifa a kan hujojin Likita. Murfin ya rufe su duka. Ya miƙo mini ya ce in rufe nawa. Ko da faranti aka ba ni, da ƙyar.

“Shuf, ya duktur,” in ji shi. “Hannu mai rawa haka yake harbi.” Ya nuna tawa, ko kara bai yi mini ba. “Naka yana zuwa wuri ɗaya kullu marra. Wannan ba rawa ba ce. Akwai abin da kake yi, kuma kana yin sa daidai-daidai kowane lokaci. Sai mu kama shi.”

Ban taɓa jin daɗin a kushe ni irin na ranar ba. Likita ya fitar da hannun da ya sake mayarwa aljihu.

Ammi ya juya mana baya kamar yana ɗura darma, ya miƙa wa Likita bindigar, ya jawo ni gefensa ya raɗa mini cewa babu komai a ciki, kada in kalli takarda, in kalli hannu. Likita ya ɗaga, ya ja numfashi, ya tsaya. Hancin bindigar ya tsaya cak, wallahi kamar an kafa shi da siminti. Sai ya ja kunamar bindigar. A daidai lokacin na ga hancin ya yi ɗan sunkuyo ƙasa ta hagu, na kuma ga abin da ya jawo shi. Babban yatsansa da yatsan da ake sa wa zobe sun matse mariƙin tare, ƙam, kafin yatsa manuni ya gama aikinsa.

“Na gani!” Na daka tsawa har Likita ya firgita. “Yatsu biyu! Babba da na zobe! Su ne suke matsawa!”

Ammi ya kama hannun Likita ya taɓa yatsun. “Waɗannan ba a gayyace su ba. Kunama aikin manuni ne shi kaɗai, ya jawo ta baya shuwayya shuwayya, a hankali, har ta tashi da kanta. Sauran su riƙe, su yi shiru.”

Likita ya ajiye bindigar. Ya ɗaga hannunsa yana kallo, ya haɗa babban yatsa da na zobe a iska, ya raba, ya sake haɗawa. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har da riƙe ciki.

“Malam,” ya ce da ƙyar, “haka muke danne jijiyar jini a tiyata. Ƙarfen nan mai kamar almakashi, da waɗannan biyun ake rufe shi. Manuni a wurinmu ba ya ja, kwanciya yake a kan ƙarfe yana nuna hanya. Tun ina ɗalibi, in na ce wa hannuna yanzu, waɗannan biyun ne suke amsawa.”

Daga nan gonar ta zama makaranta. Ammi ya sa shi ya yi ta jan kunama babu darma, ni kuma aka naɗa ni ɗan sandan yatsu, ina tsugune a gefe ina ihun “Sun motsa!” ko “Ba su motsa ba!” Da farko sun ƙi ji, abin da aka saba da shi tun ƙuruciya ba ya fita da rana ɗaya. Likita yana yi wa yatsunsa faɗa da Kananci, Ammi yana cewa yalla, kaman marra, wato maza a sake. Shayi ya huce ba wanda ya tuna da shi. Can rana ta yi ja a bayan dabinai, Ammi ya ɗura masa ta gaske. Ta farko ta sauka ƙasa kaɗan. Ta biyu ta taɓa gefen baƙi. Waɗanda suka biyo baya suka shige ciki suka zauna kusa da juna, ba a taɓa sukuru ko ɗaya ba.

Na rungume Likita na ɗaga shi sama, na manta da girmansa da ciwon bayana. Ammi yana ta faɗin ma sha Allah, mabruk ya duktur, yana mamakin yadda manyan mutane biyu suke haukacewa a kan 'yar takarda. Muka yi Magariba a kan tabarma a gindin dabino, Ammi ya ja mu.

A mota ni ke ta zuba, ina maimaita yadda na kama yatsun da idona, ina cewa da ba don Bazazzagi ba da Kano ta yi asara. Likita ya bar ni na yi son raina. Da na tsagaita sai ya ce ranar Asabar zai shiga wurin likitan jijiya a duba shi sosai, kowa ma ya gani, don takardar gona ba asibiti ba ce. Na ce haka ya dace. Da muka kusa kwanar da ke kai mu unguwarsu, na kunna sigina.

“Kada ka juya,” in ji shi. “Kai ni asibiti.”

Na ce ai ba shi ne da aiki yau ba.

Ya ce akwai wata tsohuwa a ɗakin mata, 'yar Umara ce daga wajen Maraɗi, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya. Da ta ji ya gaishe ta da Hausa sai ta kama hannunsa da hannu biyu, ta ce ɗana, kai za ka yi mini aikin, ba na son kowa sai kai. Shi kuma ya zare hannunsa, ya ce mata akwai wanda ya fi shi.

“Tun shekaranjiya ban sake bi ta ƙofar ɗakin ba,” ya ce. “Ina so in je in gaishe ta kafin ta kwanta.”

Na kashe siginar, na miƙe hanya.